Kafin Ka Haƙa Harsashi A Bakin Tekun Wasu

Mai karatu, yau ka yi mini afuwa mu ɗan ajiye labaran ƙirƙira a gefe, mu taɓa wata magana da ta hana ni sakat tun bayan Babbar Sallar da ta wuce, wato maganar mutanenmu da suka fara sha'awar idan sun ajiye aiki su tsallaka wata ƙasa su gina gida a bakin teku, su ƙare sauran rayuwarsu a can.

Abin da ya jawo maganar shi ne wani yayana, ɗan wan mahaifina, wanda ya cika shekara 35 yana aikin gwamnati, kuma mafi yawan shekarun a Legas da Fatakwal ya yi su. Ranar da na je masa barka da Sallah, ko ruwa ban gama sha ba ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Kai da kake rubuce-rubuce, duba nan ka faɗa mini ko ka taɓa kwatanta wuri mai kyan wannan." Bidiyo ne na wani fili a ƙasar Ghana, kusa da garin Ada inda kogin Bolta yake shiga teku. Ga farin rairayi, ga bishiyoyin kwakwa suna rangaji, ga kwale-kwalen masunta can nesa. Wani dillali ne ya turo masa, ya ce fuloti biyu suka rage, kuma akwai wani Bature da ya nuna yana so. Yaya ya riga ya yi lissafin garatutinsa, har ya zana inda barandar za ta kalla.

Tun farko bari in wanke kaina, don kada a ce baƙin ciki nake yi wa masu hali. Ban ga laifin mutum ya so hutu ba. Wanda ya yi shekara talatin yana shaƙar iskar Legas, idan ya dawo Kano hunturu ɗaya ya ishe shi ya kwanta da tari. Ga zafin bazara da kan haura digiri 40, ga rashin wuta, ga hanyoyin ƙauyukanmu da yanzu sai mutum ya yi addu'a sau bakwai kafin ya hau su. Sannan ga abin da ba a cika faɗa a fili ba, duk wanda aka ji an biya shi kuɗin sallama, zaurensa ya zama ofishin raba tallafi, daga mai neman kuɗin makaranta sai mai aurar da 'ya. Yaya ya ce da ni, "Wallahi so nake in wayi gari ba wanda ya san lambar ƙofata." Na fahimce shi sarai.

Amma ra'ayina shi ne, wanda zai zaɓi wurin da zai gina gidan tsufa a ƙasar da ba tasa ba, tekun ne abu na ƙarshe da ya kamata ya duba. Mutumin da yake zaɓen filin ɗan shekara 60 ne mai ƙarfi a jika, yana tuƙa motarsa, yana hawa bene. Wanda zai zauna a gidan kuwa, idan Allah Ya yi tsawon kwana, ɗan shekara 80 ne da ƙafa ta fara ciwo, ido ya fara hazo, kuma wata rana daga cikin gidan za a fito da shi a makara. Wannan tsohon ya kamata a yi wa zaɓi, shi kuwa ba kallon igiyar ruwa ne babbar buƙatarsa ba.

Da na ga Yaya ya ƙi ji, sai na ce to zuwa da kai ya fi aike, mu je mu gani. Muka je.

Abu na farko da bidiyon bai nuna mana ba shi ne tekun nan tafiya yake yi. Gaɓar Ghana ta kai tsawon kilomita 550, kuma ba iri ɗaya ba ce. Tsakiyarta, wajen Winneba da Cape Coast har zuwa Takoradi, akwai duwatsu da tuddai da suke tare ruwa. Amma gabashinta, daga Prampram zuwa Ada da Keta har Aflao a kan iyakar Togo, rairayi ne zalla, wani wurin ma siririn zirin ƙasa ne, teku a gaba tafki a baya. Wannan rairayin da can kogin Bolta ne yake kawo shi, igiyar ruwa ta kwashe wani, kogi ya mayar da wani, a tashi babu ci babu asara. Da aka kammala madatsar ruwa ta Akosombo a 1965, sai yashin ya riƙa kwantawa a bayan madatsar. Teku bai daina ɗiba ba, mai mayarwa ne ya daina zuwa. Ƙara da masu tifa da suke kwasar yashin bakin teku suna sayar wa magina, ƙara da hauhawar da ruwan teku yake yi saboda ɗumamar duniya, ka ga an haɗu an yi wa gaɓar taron dangi.

Duk mai son ya ga abin da idonsa ya je Keta. Akwai wata ganuwa da Turawan Denmak suka gina a can a 1784, ana kiranta Prinzenstein, ta dutse ce mai kauri da aka yi don ta jure harbin igwa, amma teku ya cinye babban ɓangarenta. Tsofaffin garin za su nuna maka cikin ruwa su ce can kasuwa take, can gidan kakanmu yake. An kashe miliyoyin daloli wajen jera manyan duwatsu don kare garin, aikin da aka kammala a 2004, kuma ya yi amfani a inda aka yi shi. Sai dai ruwa ba ya rasa hanya. Da yake igiyar wannan gaɓa daga yamma take tura yashi zuwa gabas, duwatsun da suka tare wa Keta yashi sai suka hana shi isa ga ƙauyukan da ke gaba. A Nuwambar 2021 ambaliyar teku ta raba dubban mutane da gidajensu a wannan yanki, a Maris ɗin 2025 kuma ta sake aukawa Agavedzi da Salakope, ta tone har da kaburbura. Ƙauyen Fuveme da ke kusa da bakin kogin, wanda yake da makaranta da gidaje, yau kusan sai dai a ba da labarinsa.

Wanda ya zauna Legas a shekarun baya ba sai an yi masa dogon bayani ba, ya san yadda ruwan Bar Beach ya riƙa haurowa titin Ahmadu Bello kafin a cike wurin a gina sabon birni a kai. Bambancin kawai shi ne a can akwai masu kuɗin da za su iya sayen duwatsu su tare teku. Ɗan fansho ba shi da wannan ƙarfin.

Filin da aka nuna wa Yaya, da muka auna da ƙafa, taku ɗari da 'yan kai ne tsakaninsa da inda ruwa yake tsayawa. Dillali yana ta yabon kusancin, wai shi ya sa yake da tsada. Ni kuwa na bar su na je wurin wani tsohon masunci da yake gyaran koma, da taimakon wani yaro mai jin Turanci na tambaye shi ina ruwan yake tsayawa lokacin da yake saurayi. Bai ce komai ba, ya ɗaga hannu ya nuna wani kututturen kwakwa da igiya take rufewa tana buɗewa can ciki. Wannan amsar ta fi mini duk takardun da ke cikin jakar dillalin daraja. Shawarar da zan ba kowa ke nan, a kowace ƙasa ce, kafin ka tambayi lauya ka tambayi tsohon da ya fi kowa daɗewa a bakin ruwan, don shi ba ya da la'ada a cinikin.

Kuma ba ta gaba kaɗai ruwan yake zuwa ba. A Satumba da Oktoban 2023, da madatsar Akosombo ta cika aka buɗe ƙofofinta, garuruwan da ke ƙasa irin su Mepe suka nutse, dubban mutane suka koma makarantu da zama. Wanda ya gina gida a inda kogi da teku suka haɗu, maƙwabta biyu gare shi, kuma kowannensu yana da ranar fushinsa.

Sai maganar takarda, wadda a nan ne na fi ganin mutanenmu suna faɗawa rami ido buɗe. Bahaushe idan ya ce ya sayi fili, abin da yake nufi shi ne ya zama nasa da 'ya'yansa da jikokinsa har illa masha Allahu. To a Ghana baƙo ba ya sayen ƙasa irin wannan saye. Tsarin mulkin ƙasar na 1992 ya haramta wa wanda ba ɗan ƙasa ba mallakar ƙasa ta dindindin, iyakar abin da zai samu shi ne haya wadda ba ta wuce shekara 50 a zango ɗaya, kuma dokar filaye ta 2020 ta sake jaddada haka. Ana iya sabuntawa, amma wannan ciniki ne da 'ya'yanka za su yi da 'ya'yan masu ƙasar bayan ba ka nan. Ba Ghana kaɗai ba ce. A Kenya, ga masu hangen Mombasa da Malindi, tsarin mulkin 2010 ya tsayar wa baƙo shekara 99. A Zanzibar ƙasa duk ta gwamnati ce, haya kawai ake bayarwa. Duk dillalin da ya ce maka zai sayar maka har abada a waɗannan wurare, ko dai bai san doka ba ko kuma ya san ba ka sani ba.

Wasu sukan ce ai da sauƙi, sai a sa sunan wani aboki ɗan ƙasar a takarda. Haka ne, da sauƙi, muddin abokin yana raye kuma yana tsoron Allah. Ranar da ya rasu, magadansa takarda za su duba, ba za su duba amanar da ke tsakaninku ba.

Matsalar da ta fi wannan girma ita ce wa ma yake da ikon bayar da filin. Kusan kashi 80 cikin ɗari na ƙasar Ghana tana hannun sarakunan gargajiya da dangogi ne, ba gwamnati ba. Fili na dangi ne gaba ɗaya, shugaban dangi da dattawansa ne suke da hurumin sa hannu. To sau da yawa dangin sun rabu biyu a kan wane ne shugaban, kowane ɓangare yana da hatiminsa da safiyonsa, sai a ba mutum biyu ko uku fili ɗaya, kowa da takardarsa mai tambari. Daga nan ne aka samu 'yan dabar gadin filaye, waɗanda wani ɓangare yake ɗauka haya su rushe katangar da ɗaya ɓangaren ya yarda a gina. Abin ya yi ƙamari har dokar 2020 ta tanadar musu ɗaurin shekara 5 zuwa 15. Ɗan ƙasa ma shari'ar fili takan ci masa shekaru, ina ga tsoho baƙo da ba ya jin yaren shaidun? Akwai Hukumar Filaye inda ake zuwa a binciki tarihin fili kafin a biya ko sisi, kuma lauyan da zai yi maka binciken kai za ka nemo shi da kanka, kada ka karɓi wanda mai sayarwa ya kawo. A kuma duba ko filin bai faɗa cikin dausayin da doka ta kare ba, don tafkin Keta da na Songor da ke kusa da Ada da na Sakumono duk suna cikin wannan rukuni, kuma a Sakumono hukuma ta sa katafila ta rushe gine-gine a 2025.

Kada wani ya ce wannan halin Afirka ne. Arewacin Sayifurus da muke tura 'ya'yanmu karatu, inda ake ta tallar gidajen bakin teku da araha, wasu ma'aurata 'yan Ingila sun zuba kuɗin ritayarsu sun gina gida a can, ashe filin na wani Bagirke ne da yaƙin 1974 ya kora zuwa kudu. Ya kai ƙara, kotun Tarayyar Turai ta goyi bayansa a 2009, kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta tabbatar a 2010, suka bar gidan. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin yi.

Ko takarda ta yi kyau, baƙo baƙo ne. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba mu damar shiga Ghana ba biza mu yi kwana 90, bayan haka sai da izinin zama, wanda ake sabuntawa. Yau lafiya lau ake zaune, amma tarihi yana nan. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu ya fice, Hausawa da Yarbawa da Zabarmawa da yawa suka bar gidaje da rumfunan kasuwa suka hau manyan motoci, har yau akwai gidaje a Kano da Sakkwato da ake ba da labarin wannan dawowa. Mu ma a 1983 gwamnatin Shagari ta rama, har jakar da suka zuba kayansu ta samu suna. A 2019 da 2020 an rufe shagunan 'yan Nijeriya a Kumasi da Accra a kan dokar kasuwanci. Lokacin korona Ghana ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Maris 2020 sai Maris 2022 ta buɗe. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram kuwa, ƙasarsu ta fice daga ECOWAS ɗin ma a Janairun 2025. Ba tsoratarwa nake yi ba, cewa nake yi gidan da za ka zuba duk abin da ka tara a cikinsa yana tsaye ne a kan alƙalamin 'yan siyasar da ba ka da ƙuri'a a wurinsu.

Maganar kuɗi ba sai na ja ta ba. Fanshonka da naira za a biya ka, filayen bakin teku kuwa galibi da dala ake yi musu kuɗi, cefane kuma da sidi. A watan Mayun 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a cikin 2024 ta haura 1,500. Ke nan mai karɓar naira 300,000 a wata ya kwanta da kimanin dala 650 ya tashi da 200, ba tare da ɓarawo ya shiga gidansa ba. Sidin ma ba waliyyi ba ne, a Disambar 2022 hauhawar farashi a Ghana ta haura kashi 50 cikin ɗari. A gida idan abu ya yi tsanani akwai buhun masara daga gona, akwai ɗan'uwa. A can sai abin da ke aljihunka.

Shi kansa ginin, iskar teku gishiri ce. Tana cin kwanon rufi, tana cin makullin ƙofa da injin sanyaya ɗaki da ƙarƙashin mota, idan kuma magini ya yi maka wayo ya kwaɓa siminti da yashin bakin teku, rodi zai yi tsatsa daga ciki ya kumbura ya tsaga ginshiƙin. Rijiyar burtsatse sau da yawa ruwan zartsi take bayarwa. Abin mamaki, ruwan saman da ke sauka a Accra a shekara bai fi na Kano ba, amma iskar kullum a jiƙe take. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai, a masaukin da muka sauka na ga kantar littattafai duk sun yi funfuna, shafukan sun manne da juna. Na tuna littattafan Yaya da ya tara tun zamanin kamfanin NNPC na Zariya, waɗanda bushewar iskar Arewa ta adana masa shekara arba'in, na ce a nan damina biyu ta ishe su.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Da dare a wannan masauki na tambayi Yaya, na ce, "Yaya, Allah Ya kiyaye, idan ƙarfe biyun dare jininka ya hau, Hajiya wa za ta buga wa ƙofa?" Ya yi shiru. Daga inda filin yake zuwa manyan asibitocin Tema ko Korle Bu a Accra tafiyar kusan kilomita ɗari ce, kuma duk wanda ya san cunkoson shiga Accra ya san ba a auna ta da kilomita. Shanyewar ɓarin jiki da bugun zuciya, waɗanda su ne suka fi kwantar da dattawanmu, sa'o'in farko ne suke raba mai tashi da mai kwanciya. Gidan da za ka tsufa a ciki, nisansa da likita ya fi nisansa da ruwa muhimmanci nesa ba kusa ba.

Na sake tambayarsa, a ina zai yi sallar asuba cikin jam'i, da wa zai zauna a dakali bayan la'asar. Mu fa ba mu iya kaɗaici ba. Baturen da ya yi ritaya zai iya zama shi da matarsa da karensu suna kallon faɗuwar rana shekara goma, haka aka raine shi. Dattijon Bahaushe kuwa majalisa ce abincinsa, ɗaurin aure da suna da gaisuwar mutuwa su ne suke tashe shi daga kan gado ya sa babbar riga. Mutanen da Yaya yake gudu saboda roƙo, su ne dai waɗanda idan kwana biyu ba su gan shi a masallaci ba za su zo su duba. Kuma ban ji an tambayi Hajiya ba, wadda ita ce za ta yini a gidan ba maƙwabciyar da za ta leƙa ta katanga, ba biki ba unguwa, jikoki kuma sai ta waya. Sau da yawa mafarkin bakin teku na maigida ne shi kaɗai.

Sai ranar da ba makawa. A kudancin Ghana al'adar mafi yawan mutanen gaɓa ita ce a ajiye mamaci a ɗakin sanyi makonni, wani lokaci watanni, har dangi su shirya gagarumin biki. Al'adarsu ce, suna girmama matattunsu ta yadda suka gada. Amma kai da kake son a yi maka wanka a sallace ka a rufe ka kafin rana ta faɗi, idan ka gina gidanka a ƙauyen da ba liman ba maƙabartar Musulmi, wa zai tsaya maka? 'Ya'yanka suna Kano ko Kaduna, sai sun nemi jirgi zuwa Legas ko Abuja sannan Accra, in ta mota ce kuwa iyaka uku za su tsallaka. Bayan an share makoki kuma ga gado. Gida yana bin dokar ƙasar da yake cikinta ne. Dokar gadon Ghana ta 1985 ta ce wanda ya mutu bai bar wasiyya a rubuce ba, idan gida ɗaya ya bari, na matarsa da 'ya'yansa ne tare, ba ta bambanta namiji da mace ba, kuma mahaifiyarsa ko tana raye ba ta da kaso a cikin gidan. Wanda yake son a raba yadda ya sani, sai ya zauna da lauya da malami tun yana da rai.

Wani zai ce to ai Hausawa sun daɗe suna tsufa suna mutuwa a Ghana. Ƙwarai kuwa, kuma su ne hujjata. Fataken goro da suka bi hanyar Gwanja ba su taɓa zuwa suka keɓe kansu a bakin ruwa ba, zango suka kafa. Malam Baƙo da ya kafa Sabon Zango a Accra a farkon ƙarni na 20, masallaci da makaranta da maƙwabta ya fara tanada. Alhaji Umaru, babban malamin nan kuma mawallafin waƙoƙi haifaffen Kano, ya zauna a Salga sannan Kete Krachi har ya rasu a can a 1934, cikin almajiransa. Alhaji Alhassan Ɗantata kuwa ya yi fataucinsa har Kumasi da Accra, ya riƙa ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko, amma da ya tashi kafa gida Kano ya dawo, a nan ya rasu a 1955. Ɗaya ya zauna ɗaya ya dawo, amma ba wanda ya tsufa shi kaɗai a cikinsu. Yau idan ka shiga Nima ko Mamobi ko Ashaiman, ko zangon Cape Coast da na Sekondi, da Hausa za ka sayi koko da ƙosai, shinkafa da waken da duk Ghana take alfahari da shi ma sunansa daga bakinmu ya fito.

Saboda haka ni da za a ba ni zaɓi a wannan gaɓa, ba daga bakin ruwa zan fara nema ba. Zan fara neman gari mai tsohon zango da babban asibiti, irin Cape Coast da take da asibitin koyarwa, ko Sekondi da Takoradi, ko Winneba da ba ta da nisa da Accra, waɗanda kuma Allah Ya sa suna ɓangaren da yake da duwatsu da tudu. A cikin garin zan nemi unguwar da zan iya takawa da sanda zuwa masallaci. Sannan in nemi tudu, kilomita ɗaya ko biyu daga ruwa, inda iskar za ta iso ni amma gishirin ya rage ƙarfi, in gina ƙaramin gida na ƙasa ba bene, wanda idan ta ɓaci zan iya sayarwa ko in ba da haya ga malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti. Katafaren gida a ƙauyen masunta ba ya da mai saye sai wani mai mafarki irinka. Teku kuwa ba gudu zai yi ba, duk yammacin da na so in hau tasi in je in gaishe shi in dawo. Kuma ko bulo ɗaya ba zan saya ba sai na yi shekara cur ina haya a unguwar, na ga watan Yuni da ruwansa, na ga kwatar da take cika, na yi zazzaɓi na je asibitin na ga yadda ake karɓar mutum, na halarci jana'iza ko ɗaya ce na ga inda ake kai mutane. Gidan gado na Arewa kuma ba zan sayar don in gina wancan ba, ko da ɗaki biyu ne a bar shi.

Yaya bai ce na yi gaskiya ba, ba halinsa ba ne ya faɗa wa ƙaninsa haka. Abin da ya yi shi ne ya daina ɗaukar wayar dillalin. Kafin mu dawo muka biya ta Sekondi, wani dattijo da muka haɗu da shi a masallacin zango, wanda ya ce kakansa daga Katsina ya zo, ya riƙe hannun Yaya ya zagaya da shi unguwar, ya nuna masa wani gida mai ɗaki uku da za a saki bayan azumi. Daga ƙofar gidan ba a ganin teku, sai an hau ɗan tudun da ke bayan makarantar allo. Yaya ya tambayi kuɗin hayar shekara, ya rubuta a bayan tikitin mota ya sa a aljihu. Hajiya ta ce za ta je ta gani da idonta, amma wata uku kawai ta yarda, kuma da sharaɗin a tafi da autarta da buhun gero.